Ɗan Riƙon Da Ke Cin Gado: Raddi Ga Mai Cewa A Daina Wannan Wa'azi

A wani taron masu wa'azi da aka yi kwanan baya, wani malami da nake ganin girmansa ya miƙe ya ce lokaci ya yi da za mu daina gaya wa Hausawa cewa Allah ya ɗauke mu ya mai da mu 'ya'yansa. Hujjojinsa huɗu ne. Wai a kunnen Bahaushe ɗan riƙo ba ɗa ba ne, shi da agola duk kanwar ja ce. Wai Bulus daga dokar Romawa masu bautar gumaka ya aro misalin. Wai koyarwar sake haihuwa ta wadatar. Wai kuma kiran kai ɗan Allah yana kawo girman kai, gara mu tsaya a matsayinmu na bayi. Na yi niyyar yi masa adalci, amma in an tace maganar tasa, abin da ya rage a rariya shi ne: Manzo Bulus bai san Hausawa ba, sai mu gyara masa baki. Wannan kam ba zan iya haɗiye ta ba.

Mu fara da ta farko, tunda a kanta ya kafa sauran, kuma ita ce ta fi rauni.

Ban musa abin da ya gani ba. Kowa ya san gidan da 'yar riƙo ce mai ɗebo ruwa, mai wanke-wanke, mai ɗaukar talla, sai kowa ya ƙoshi a miƙo mata ƙanzo. Ran rabon gado kuwa ko kallo ba ta ishi kowa ba. A shari'ar Musulunci, wadda ta ratsa al'adarmu, yaro da sunan mahaifinsa ake kiransa, kuma riƙo ba ya sa a ci gado, sai dai mariƙi ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. Wannan tsari ne mai dalilinsa a wurin ma'abotansa, ba shi nake tuhuma ba. Tambayata ga Malam ita ce: wa ya ce masa irin wannan riƙon Bulus yake nufi?

Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce huyotesiya, ma'anarta ɗora mutum a matsayin ɗa. Sau biyar kacal ta zo a Sabon Alkawari, duk a wasiƙunsa: Romawa 8:15, 8:23 da 9:4, Galatiyawa 4:5, sai Afisawa 1:5. Malam ya buɗe Galatiyawa 4 ya karanta har aya ta 7, ya buɗe Romawa 8 ya kai aya ta 17. A wuraren biyu, da Bulus ya ambaci zama ɗa, kafin ya sauke numfashi sai ya ambaci gado. A Romawa har ya ce gadon tare da Almasihu za a ci. To abin da Malam ya ce ɗan riƙonmu ba ya samu, shi ne ainihin abin da Bulus ya ce wannan ɗan yana samu. Yaya mutum zai karanta aya ta 15 ya rufe littafi, alhali amsar damuwarsa tana aya ta 17?

Kuma mutanen da suka fara jin wasiƙar ba su ruɗe ba, domin sun san abin a kasuwa da fada. A Roma, galibi ba jariri maraya ake ɗauka don tausayi ba. Mai dukiya ne da ke neman magaji yake zaɓen saurayi ko ma magidanci, a gaban shaidu, ya fito da shi daga ikon tsohon gidansa, ya ba shi sunansa. Daga ranar, a idon doka, shi da ɗan ciki matsayinsu ɗaya a gado. Yuliyas Kaisar ta wasiyya ya ɗauki Oktabiyan, jikan 'yar'uwarsa, a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu; yaron yana ɗan shekara 18 ya gaji suna da mafi yawan dukiya, shi ne ya zama Augustas da Luka 2 ya ambata. Augustas kuma a shekara ta 4 bayan haihuwar Almasihu ya ɗauki Tibariyas, ɗan matarsa Libiya da ta haifa wa wani mijin. Da Hausa me ake kiran wannan? Agola! Agolan nan shi ke kan gadon sarautar Roma lokacin da aka gicciye Yesu. Sai Kalaudiyas, wanda yana da nasa ɗan na ciki, Biritanikus, amma a shekara ta 50 ya ɗauki Nero, ɗan matarsa Agiribina, wani agolan ke nan, kuma a 54 Nero ne ya hau, ɗan ciki yana kallo. Bulus ya rubuta wa Romawa wajen shekara ta 57. Wato a ranar da aka karanta wasiƙar nan a ikkilisiyar Roma, mutumin da hotonsa ke kan kuɗin da ke aljihunsu ɗan riƙo ne. Cewa Nero mugun sarki ne, wannan wata magana ce daban; abin da nake nunawa shi ne babu wani Barome da zai ji kalmar nan ya tuna da mai cin ƙanzo.

Saboda haka an bar jaki ana dukan taiki. Idan Bahaushe ya ji "ɗan riƙo" ya tuna da wulaƙanci, laifin yana gidajenmu, aikin mai wa'azi kuwa ya yi bayani, don haka aka ba shi mumbari. Kalmar gicciye ma ai abin kunya ce a kunnen mutanen farko, Bulus da kansa ya faɗi haka a 1 Korantiyawa 1, bai kuma sauya ta ba. Ni abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a kowace majami'a akwai 'yan riƙo da agololi zaune a benci na baya. Su ne suka fi kowa bukatar jin cewa akwai Uban da ya zaɓe su da gangan, tun kafin kafa duniya kamar yadda Afisawa 1 ya nuna, ya kuma rubuta su cikin magada. Mariƙansu ma da ke benci na gaba suna bukatar ji, ko jikinsu ya yi sanyi. Wannan wa'azin ne Malam yake so a rufe? Ban da haka, ya yi wa riƙon Hausa kuɗin goro. Akwai kakar da ta karɓi ɗan fari saboda kunyar uwa ta raine shi kamar ƙwai a cokali, akwai gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba aka ba ta 'ya ta aurar da ita da kayan ɗaki na gani na faɗa. Bahaushe ya san wannan ma, ba baƙon abu za a gaya masa ba.

Ta biyu, wai aro ne daga masu gumaka. Malam ya manta da Romawa 9:4, inda Bulus ya lissafa zama 'ya'ya cikin abubuwan da aka ba Isra'ila tun tuni. A Fitowa 4:22 Allah ya kira Isra'ila ɗansa na fari tun suna bauta a Masar, ba a ma kafa birnin Roma ba. Yakubu ya ɗauki Ifraimu da Manassa, 'ya'yan Yusufu, ya daidaita su da Ra'ubainu da Saminu a Farawa 48, har kowannensu ya sami rabon ƙasa. 'Yar Fir'auna ta ɗauki Musa, Mordekai ya riƙe Esta. In ma Bulus ya yi amfani da dokar garin da yake rubuta wa, mene ne aibu? Yesu ya ba da misali da alƙali marar tsoron Allah a Luka 18, ba wanda ya ce a yage shafin.

Ta uku, wai sake haihuwa ta isa. Ba mai jayayya da Yahaya 3. Amma haihuwa tana maganar sabon rai ne, ɗauka kuwa tana maganar matsayi da haƙƙi, kuma tana tuna mana cewa Ɗa na asali ɗaya ne, mu shigo da mu aka yi ta alheri. Dattawan da suka rubuta Shaidar Bangaskiya ta Wesminista a Ingila a 1646 sun ga bambancin, shi ya sa suka ware mata babi na 12 ita kaɗai. Littafi ya ba mu hotuna biyu, Malam yana so ya mayar da ɗaya.

Ta huɗu kuwa, batun girman kai, ban san yadda wanda aka tsamo daga bauta aka ba shi abin da bai yi wa gumi ba zai yi taƙama da shi ba. Bulus ɗin da ya koya mana kiran Allah Abba, kalmar da Yesu ya yi addu'a da ita a Getsamani a Markus 14:36, shi ne ya buɗe wasiƙar Romawa da kiran kansa bawan Almasihu. Bai ga saɓani ba. Malam ya koma ya karanta sura ta 8 daga farko har ƙarshe, in mun haɗu a taro na gaba sai mu ci gaba.