Tsohuwar Mota da Sabon Fenti

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wani ciniki da ya kamata mu tsaya mu duba da idon basira, watau cinikin tsohuwar mota buɗaɗɗiya mai rufin tamfol, wadda aka sabunta aka mai da ita kasuwa. A Turai irin waɗannan motoci sun zama abin alfahari, har wata takan fi sabuwa tsada. To, amma me mai saye ke biya wa kuɗinsa?

Mu ɗauki misali da wadda muka san danginta, Peugeot 504. An fito da ita a Faransa a 1968, aka kuma fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Sai dai tana da 'yar'uwa buɗaɗɗiya wadda ba a taɓa harhaɗawa a Kaduna ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, ya kuma ƙera jikinta, daga 1969 zuwa 1983. Kimanin 8,000 kurum aka yi, alhali kuwa 504 gaba ɗaya ta haura miliyan 3. Ƙarancin nan shi ne tushen darajarta.

A nan ne hatsarin yake. Injinta ɗan gida ɗaya ne da na sauran 504, saboda haka gyaransa bai faye wuya ba. Amma jikinta daban yake. Ƙofar 504 da muka sani ba za ta hau ta ba. Ga shi kuma motar da ba ta da rufin ƙarfe, duk ƙarfinta ya dogara ne ga ƙasanta da gefunanta, inda ruwan da ya yoyo ta tamfol ke kwanciya har tsatsa ta cinye. Maha'inci yakan cike ramukan da kwaɓi, ya fesa fenti, ya ce ta koma sabuwa. Wannan shi ne kyan ɗan maciji.

Ra'ayinmu shi ne, gyara daban, kwaskwarima daban, kuma wajibi ne farashi ya bi wannan bambanci. Mai sayarwa ya fito da hotunan aikin tun kafin fenti, da rasiɗan kayayyakin da ya sa, ya faɗi abin da ke na asali da wanda aka musanya. Shari'ar Musulunci ma ta ba mai saye damar mai da haja idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Shi kuma mai saye, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya gwada lambar shasi da ta takardu, ya sa a ɗaga motar makanikensa ya leƙa ƙarƙashinta, ya bi jikinta da maganaɗisu, domin ba ya kama kwaɓi.

Wasu za su ce duk wannan almubazzaranci ne na masu hannu da shuni. Lalle ba mu shawarci mai ƙaramin albashi ya ci bashi don ta ba, gama sau da yawa kuɗin gyara kan zarce abin da za a sayar da motar. Amma ƙa'idar ta shafi kowa: yau mu ne masu saye, gobe mu ne za mu miƙa makulli ga wani. Ran nan, mu faɗi aibi kafin a ce albarka.

Allah ya sa mu gane.