Wata goma na jira, minti goma na shawara: yadda ake saida tikitin manyan mawaƙa

Duk wanda ya saba da wasannin mawaƙanmu ya san tikiti ba ya wuce a yanka shi a bakin ƙofa, ko a saida shi ƴan kwanaki kafin wasa. A Turai da Amurka abin ya sha bamban. Can, in babban mawaƙi zai fita rangadi, ana saida tikiti wata uku, wata shida, wata goma, har fiye da shekara kafin ya hau dandali. Ƴaƴanmu suna kallon wannan duka a salula. Waɗanda muka tura karatu Faransa ko Kanada kuwa a cikin kasuwar suke tsundum, kuma sau da yawa kuɗin da aka aika musu na haya da abinci ne suke zubawa. Shi ya sa nake ganin ya dace mu uwaye da malamai mu san yadda wannan ciniki yake tafiya, don mu iya yi wa yaro bayani da hujja.

Bari mu fara da kwanaki, don su ne ke nuna komai. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta sanar da rangadinta mai suna Eras ranar 1 ga Nuwamba 2022. An buɗe saida tikiti ranar 15 ga watan, wasan farko kuma sai ranar 17 ga Maris 2023. Wata huɗu ke nan. Da rangadin ya nufo Paris, an saida tikiti a watan Yuli 2023, aka yi wasa a watan Mayu 2024: wata goma. Mutanen Toronto ta Kanada sun biya a watan Agusta 2023, ba su ga mawaƙiyar ba sai Nuwamba 2024: wata goma sha biyar. Ƙungiyar Oasis ta Ingila ta sanar da dawowarta ranar 27 ga Agusta 2024, ta saida tikiti ranar 31 ga watan, wasan farko ya zo ranar 4 ga Yuli 2025 a Cardiff. Beyoncé ta ɗan sassauta: sanarwa a farkon Fabrairu 2023, wasan farko ranar 10 ga Mayu a Stockholm.

Ku lura da tazara biyu da ke cikin waɗannan kwanaki. Tsakanin biya da wasa, watanni ne. Tsakanin sanarwa da biya, kwana huɗu ne a wurin Oasis, sati biyu a wurin Taylor Swift. In ranar saidawa ta zo, mutum ya shiga layi a intanet, ya yi awoyi yana jira, in aka kai kansa sai agogo ya fara ƙirga masa ƴan mintoci: ko ya biya, ko kujerar ta koma hannun na bayansa. Mai saidawa ya ba kansa wata goma na shiri, ya bar wa mai saye minti goma na tunani. A nan matsalar take, a ganina.

Adalci ne a faɗi hujjar masu shirya wasa, don suna da ita. Filin da ke ɗaukar mutum dubu sittin ko tamanin ba a kama shi dare ɗaya; akwai wasannin ƙwallo da suka riga suka cika kalandarsa, dole a nemi gurbi tun da wuri a ba da kafin alƙalami. Akwai manyan motoci masu ɗaukar dandali da fitilu daga ƙasa zuwa ƙasa, akwai ɗaruruwan ma'aikata, akwai inshora. Saidawa da wuri tana nuna wa mai wasa yawan masu sonsa, sai ya ƙara dare na biyu da na uku a gari ɗaya. Michael Jackson a 2009 ya fara da sanarwar wasa goma a Landan, da aka ga cunkoson masu nema sai aka mayar da su hamsin. Mai kallo ma yana amfana ta wani gefe: ya nemi hutu a wurin aiki, ya kama jirgi da masauki tun suna da araha. Duk wannan gaskiya ne.

Amma a tambaya: cikin waɗannan watanni, kuɗin yana hannun wa, kuma in abu ya lalace wa ke ɗaukar asara?

Ga lissafin da malamin kolej zai iya rubutawa a allo gobe da safe. Mu ɗauka fili mai kujera 80,000, kamar Stade de France, kowace kujera yuro 100, wato wajen jaka 65 da ɗari shida na CFA. Kuɗin dare ɗaya ya kama yuro miliyan 8. In an ajiye su a banki wata goma a kan ruwa 3 cikin ɗari a shekara, za su haifi yuro 200,000, sama da miliyan 131 na CFA. Wasa ɗaya ke nan, ba a ko kunna fitila ba. Rangadin Eras wasa 149 ne. Ko kamfanin tikiti ne ke riƙe kuɗin, ko mai shirya wasa, ko mai fili, ya danganta da yarjejeniyarsu. Abin da ba ya canzawa shi ne mai saye ba ya ganin ko dala daga wannan riba. Kamfanin Live Nation, wanda ya haɗe da Ticketmaster a 2010, yana nuna irin wannan kuɗi na wasannin da ba a yi ba tukuna a cikin rahotonsa na shekara, kuma ana ƙirga su da miliyoyin dubbai na dalar Amurka. Bashi ne mai kallo ya bayar ba tare da ya san ya bayar ba.

Mu nan mun san irin wannan ciniki ta bayansa. Manomin da yunwa ta matsa a tsakiyar damina yakan karɓi kuɗin hatsinsa tun yana gona, a farashin da ɗan kasuwa ya yanka. Can mai saidawa ne ke cikin matsi. A kasuwar tikiti mai saye ne aka sa cikin matsi, kuma da gangan aka gina matsin. Darasin ɗaya ne: duk cinikin da aka biya yau a karɓa baɗi, wanda ke da ikon jira shi ke cin riba.

Sai maganar asara. Michael Jackson ya rasu ranar 25 ga Yuni 2009, ƴan makonni kafin wasan farko. Adele ta ɗage wasanninta na Las Vegas a watan Janairu 2022 ana gobe za a fara, alhali wasu masu kallo sun riga sun sauka garin. A watan Agusta 2024 an soke wasanni uku na Taylor Swift a Vienna saboda an gano shirin kai hari. A irin wannan hali akan mayar da kuɗin tikiti, amma kuɗin jirgi da na masauki ruwan mai shi ne. Lokacin korona, a 2020, Faransa da Jamus sun yi dokar da ta ba masu shirya wasa damar ba mutane takardar ajiya a madadin kuɗinsu, don kada kamfanoni su durƙushe. Ma'ana, da wahala ta zo, aljihun mai kallo aka jingina da shi.

In kuma matsalar daga wajen mai saye ta zo fa? Wata goma lokaci ne mai tsawo a rayuwar ɗalibi. Ranar jarrabawa tana iya faɗawa kan ranar wasa, takardar zama tana iya ƙarewa, ana iya kiransa gida saboda rashin lafiya. Dokar Turai ta ba wanda ya sayi kaya a intanet kwana 14 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, amma ta cire tikitin wasa mai tsayayyar rana daga wannan kariya. Takalmi za ka iya mayarwa, tikitin da ya fi shi tsada sau uku ba ka iyawa. Yawancin yaranmu ba su san haka ba sai bayan sun danna.

Gaggawar kanta tana da farashi. Ranar 15 ga Nuwamba 2022 shafin Ticketmaster ya sarƙe. Mutum miliyan uku da rabi ne suka yi rajista tun farko, aka saida tikiti sama da miliyan biyu a rana ɗaya, aka soke saidawar da aka shirya wa sauran jama'a ranar 18 ga watan. Abin ya kai ga Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kai a watan Janairu 2023, kuma a watan Mayu 2024 ma'aikatar shari'a ta ƙasar ta kai Live Nation kotu kan zargin mamaye kasuwa. A wurin Oasis, mutane sun shiga layi da sanin tikitin tsaye yana kan fam 148, wajen jaka 115. Bayan awoyi na jira, wasu suka tarar ya koma fam 355, kusan jaka 277. Wanda ya ɓata yini guda a layi, agogo na ƙirga masa, da wuya ya juya hannu rabbana. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike, kuma a Satumba 2025 kamfanin ya ɗauki alkawarin sanar da mutane awa 24 kafin saidawa in farashin zai zo hawa-hawa. Sai da aka yi shekara ana ja kafin a samu abin da kowace mai tuwon saidawa ke yi: faɗin farashi kafin a zuba.

Dogon lokacin jira kuma gona ce ga ƴan baranda da ƴan damfara. Ƴan baranda suna amfani da manhajoji su kwashe tikiti cikin daƙiƙoƙi, su zauna a kai watanni suna jiran farashi ya hau. Amurka ta haramta irin waɗannan manhajoji tun 2016. Faransa tun 2012 ta sa tarar yuro 15,000 ga mai sana'ar sake saida tikiti ba da izinin mai wasa ba. Ireland ta hana saidawa sama da farashin asali a manyan wurare tun 2021. Duk da haka kasuwar ba ta mutu ba. Ɗan damfara shi ya fi kowa jin daɗin tazarar: ya saida tikitin bogi a Facebook ko WhatsApp a watan Oktoba, wanda aka cuta ba zai gane ba sai a bakin ƙofa a watan Yuni. Cinikin biri a sama ke nan.

Ni ban ce a daina saida tikiti da wuri ba. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya riƙe kuɗin mutum wata goma, akwai haƙƙi uku a kansa. Na farko, a bayyana farashin ƙarshe, da duk wani ƙarin caji, kwanaki kafin a buɗe layi. Na biyu, wanda uzuri ya same shi ya iya mayar da tikitinsa ta hanyar kamfanin a farashin da ya saya, a ba wani. Na uku, in an ɗage ko an soke, kuɗi ya koma wa mai shi kai tsaye, ba sai ya cika takardu ba. Kamfanin da ba zai iya waɗannan ba, ya rage tazarar, ya saida kusa da ranar wasa.

Mu ba mu ke rubuta dokokin Landan ko Washinton ba, amma mu ke tarbiyyar wanda zai danna maɓallin. In ɗanka ko ɗiyarka da ke waje ta bugo tana cewa “Baba, yau ne kawai, in ban biya yanzu ba shi ke nan”, faɗa ba zai yi magani ba, don son waƙa ba laifi ba ne a shekarunta. Tambaya ta fi aiki. Wace rana ce wasan, kuma kin duba kalandar jarrabawa? Nawa ne jimilla, har da mota da wurin kwana? In kin fasa, wa zai mayar miki? A shafin da mawaƙin ya nuna da kansa kike saye, ko a hannun wani da ba ki taɓa gani ba? Wane kuɗi za ki taɓa, na haya ko wanda kika tara? Kuma a yanka iyaka tun kafin shiga layi, a rubuta ta a takarda: in farashi ya wuce nan, a rufe kwamfuta.

Malamai kuma, wannan darasi ne da ya zo muku har gida. Yaran da ke hamma in an ce a lissafa ruwan ajiya za su farka in aka sa sunan mawaƙin da suke so a cikin tambayar. A ba su kwanakin nan su ƙirga watanni, su juya fam da yuro zuwa CFA, su gano da kansu wanda ya ci ribar jira. Daga nan a tambaye su inda kuma suka taɓa jin “saura mutum uku” ko “garaɓasar za ta ƙare cikin awa ɗaya”. Za su kawo misalai da yawa, daga tallan kaya a salula har zuwa masu cewa a turo kuɗin rajistar aiki ko na biza kafin magariba. Dabarar guda ce: a hana mutum lokacin tunani, a karɓe kuɗinsa, a bar shi da jira.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Yaron da ya saba tambayar “wa ke riƙe da kuɗina, har zuwa yaushe, kuma in abu ya ɓaci wa zai biya?” zai iya zuwa kallon mawaƙinsa da kwanciyar hankali, kuma tambayar za ta yi masa amfani ranar da zai sayi fili, ko ya shiga adashi, ko wani ya zo masa da alkawarin riba mai sauri. Wannan tambaya ce ya kamata mu koya musu tun suna gabanmu.