Yaƙin Toyota: abin da ya kai Gaddafi Cadi da abin da ya karya shi

A ranar 26 ga Disamba 2024 sojojin Faransa suka miƙa sansanin Faya-Largeau ga rundunar Cadi, kafin Janairu ya ƙare kuma suka fice daga na N'Djamena. A cikin makonnin ne rahotanni suka fara cewa sojojin Rasha na gyara tsohon sansanin jiragen yaƙi na Maaten al-Sarra da ke kudancin Libiya, yankin da ke hannun Khalifa Haftar. Duk wanda ya yi wayo a 1987 ya san waɗannan sunaye. A shekarar ce mamayar da Muammar Gaddafi ya yi wa arewacin Cadi ta ruguje cikin watanni tara, a hannun wani mai mulkin kama-karya irinsa, Hissène Habré.

Tushen rigimar zirin Aouzou ne, hamada mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 114,000 a kan iyakar ƙasashen biyu. Libiya ta shiga yankin a 1973, tana kafa hujja da yarjejeniyar 1935 tsakanin Laval na Faransa da Mussolini na Italiya, wadda ba ta taɓa fara aiki ba. An yi ta raɗe-raɗin akwai yuraniyam a ƙarƙashin yashin. Sai dai burin Gaddafi ya wuce zirin. So yake ya ga gwamnatin da ke jin maganarsa a N'Djamena, ya raba Faransa da yankin, ya samu ƙofar shiga sauran Sahel. A watan Disamban 1980 tankokinsa suka taimaka wa Goukouni Oueddei ya kori Habré daga babban birnin, a ranar 6 ga Janairu 1981 kuma aka sanar da shirin haɗe Libiya da Cadi su zama ƙasa ɗaya. Maƙwabta suka razana. Seyni Kountché na Nijar, wanda ya daɗe yana zargin Tripoli da ɗaukar matasan ƙasarsa aikin soja a rundunar da Gaddafi ya kira ta Musulunci, ya yanke hulɗar jakadanci da ita a cikin watan.

Goukouni da kansa ya nemi sojojin Libiya su fita a ƙarshen 1981, Habré kuwa ya dawo ya kama N'Djamena ranar 7 ga Yuni 1982. Daga nan yaƙin ya zama na mutum biyu da ba sa ga maciji da juna. A 1983 Libiya da 'yan tawayen Goukouni suka ƙwace Faya, Faransa ta turo sojoji ta ja layi a hamada, ƙasar ta rabu gida biyu. A 1984 Mitterrand da Gaddafi suka yi alkawarin janyewa tare. Faransa ta janye, Libiya ta yi zamanta, har ta gina babban filin jiragen yaƙi a Ouadi Doum. Da ta sake yunƙurin tsallake layin a Fabrairun 1986, jiragen Faransa suka yi wa filin ruwan bama-bamai.

An fi ba da labarin abin da ya biyo baya ta fuskar kayan yaƙi: motocin a-kori-kura na Toyota kusan 400 da makaman harbo tanka samfurin Milan da Faransa ta bayar, ga kuma kuɗi da bayanan sirri daga Amurka. Gaskiya ne, amma ba daga nan karayar ta fara ba. Tun 1978 akwai rabon aiki a wannan yaƙi. Libiya ke kawo tankoki da jirage da manyan bindigogi, Tubawan Goukouni kuma su ne idanu da ƙafafu: su suka san rijiyoyi, su suka san hanyoyin Tibesti, su ke fara taɓa abokan gaba. Da Libiyawa suka fara nuna wa mutanen arewa cewa sun zo zama ne, zumuncin ya yi tsami. A watan Oktoban 1986 aka harbi Goukouni a Tripoli aka tsare shi, mayaƙansa suka juya bindiga, suka haɗa kai da Habré. Gaddafi ya wayi gari da dubban sojoji a hamadar da ba su sani ba, kowane sansani a killace shi kaɗai.

Rundunar ita kanta gurguwa ce, kuma mai ita ne ya gurgunta ta. Tun bayan yunƙurin juyin mulkin 1975 Gaddafi ya fi tsoron hafsoshinsa fiye da kowane maƙiyi na waje. Biyayya da dangantaka suka zama ma'aunin ƙarin girma, kwamitocin juyin juya hali suka zuba wa bariki ido, kwamanda ba ya motsi sai umarni ya zo daga sama. Ga shi gwamnati na musanta cewa tana da soja a Cadi. Sojan da ƙasarsa ta ce ba ya wurin, don me zai mutu a wurin?

Ranar 2 ga Janairu 1987 Hassan Djamous ya afka wa Fada ta ɓangarori da dama a lokaci guda, motoci na gudu fiye da yadda bakin tanka ke iya juyawa. Alkaluman Cadi sun ce Libiyawa kusan 800 suka mutu. A watan Maris aka murƙushe ayari biyu a Bir Kora, ranar 22 ga wata Ouadi Doum ta faɗi da jiragenta da tarin makamanta, Faya ta biyo baya ba tare da wani faɗa ba. Cikin fursunonin har da Kanar Khalifa Haftar. Gaddafi ya ce bai san su ba, Haftar ya koma ɓangaren 'yan adawa, daga baya Amurka ta kwashe shi ya zauna a Virginia kusan shekara 20.

Habré ya kama garin Aouzou ranar 8 ga Agusta, amma Faransa ta ƙi ba shi kariyar sama, Libiya ta ƙwace shi ranar 28. Martaninsa shi ne harin 5 ga Satumba a Maaten al-Sarra, cikin ƙasar Libiya kanta. Kwana shida bayan haka ƙungiyar OUA ta samu tsagaita wuta. Ƙiyasin Amurka ya ce Libiya ta rasa sojoji kusan 7,500 da kayan yaƙi na dala biliyan ɗaya da rabi. Zirin da aka zubar da jinin nan a kansa, alƙalai ne suka raba gardamarsa: ranar 3 ga Fabrairu 1994 Kotun Duniya ta ce na Cadi ne bisa yarjejeniyar Faransa da Libiya ta 1955, Libiya kuma ta fita kafin ƙarshen Mayu. Kafin nan tartsatsin ya faɗa a Nijar. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya tashi daga N'Djamena ya tarwatse a sararin Ténéré da mutane 170, wata kotun Faransa kuma ta samu jami'an Libiya shida da laifi a 1999.

Wanda ya yi nasarar ma bai tsira daga cutar da ta kayar da abokin gabansa ba. Habré ya fara tsoron kwamandojin da suka ci masa yaƙi. A watan Afrilun 1989 ya zargi Djamous da Idriss Déby da shirya juyin mulki. An kama Djamous, ya mutu a hannun gwamnati, Déby ya tsere Darfur, kuma da taimakon Libiyar da ya yaƙa ya shiga N'Djamena a farkon Disamban 1990. Hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta mutane 40,000 suka mutu a zamanin Habré da 'yan sandansa na DDS. Wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016, ya mutu a 2021.

Abin da ya kamata mutanen Cadi da Nijar da Sudan su lura da shi yanzu shi ne hanyar ba ta toshe ba. 'Yan tawayen FACT da Déby ya mutu yana yaƙarsu a Afrilun 2021 daga kudancin Libiya suka taso. A Yunin 2025 dakarun RSF suka kama kusurwar iyakar Sudan da Libiya da Masar, rundunar Sudan ta zargi mutanen Haftar da taimaka musu, su kuma suka musanta. Layin da Faransa ke ja a hamadar Cadi ya tafi tare da jiragenta, tsaron Faya da Tibesti yanzu yana wuyan rundunar Mahamat Idriss Déby ita kaɗai.