Wasan ƙarshe na kofin sakandare: a riƙa zagayawa da shi, Kafanchan ma Kaduna ce

'Yan uwa ɗalibai, ku ba ni aron minti biyar. Ra'ayina shi ne wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta makarantun sakandare a jihar Kaduna bai kamata ya zama gadon birni ɗaya ba. A riƙa zagayawa da shi tsakanin shiyyoyi uku na jihar: bana Kaduna, baɗi Zariya, na gaba Kafanchan. Ni ɗan Manchok ne a ƙaramar hukumar Kaura, don haka wani zai ce son kai ne. To, a saurari hujja tukuna.

Da zarar an ce wasan ƙarshe, hankalin kowa sai ya tafi filin wasa na Ahmadu Bello, kuma da dalili. Filin ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, ya sake karɓar na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Yaron da ya saba buga ƙwallo a kan tsakuwa, ranar da ya taka wannan ciyawa ba zai manta ba har tsufansa. Kuma garin ne ya fitar da su Daniel Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida da Celestine Babayaro. Ba wanda ke jayayya da wannan.

Amma jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta. A ce makaranta daga Kaura ko Sanga ta kai wasan ƙarshe. Sai an nemi mota, an bi ta Kachia, an yi awowi a hanya, an biya kuɗin kwana da abinci na 'yan wasa da malamai. Wa zai biya? Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye, waɗanda ko allo da kujera suna fama. 'Yan kallo kuwa sai dai su ji labari a waya. Idan abokiyar karawar daga cikin birni take, ɗalibanta Keke Napep kawai za su hau su cika wuri da ganga da ihu. A takarda an ce fili na kowa ne, a zahiri ɗaya yana gida ɗaya yana baƙunta. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san abin da ihun 'yan gida ke yi wa ƙafar yaro ɗan shekara 16.

Abu na biyu, fili ba ya gyaruwa sai an san baƙi na zuwa. Kafanchan tana da filin wasanta na gari, Zariya ma haka. In aka sanar tun shekara guda cewa nan za a yi, dole a gyara raga, a yi shinge, a samar da ruwa da makewayi. Bayan an tashi wasa, gyaran yana nan, yaran unguwa ne za su ci moriyarsa. In kuwa aka ce sai fili ya gyaru za a kawo wasa, alhali ba a gyara sai wasa na zuwa, ai an ɗaure mu da igiya biyu ke nan. Mu da ke jami'a mun san yadda ake yi da NUGA: Ife ta karɓa a 2014, jami'ar Legas a 2022, kuma kowace mai masauki da gyaran filayenta take fita.

Na san abin da da yawa ke riƙe da shi a zuci: tsaro. Ba zan yi kamar ban san abin da kudancin Kaduna ya gani ba, mu muka rayu a ciki. Amma a tuna, duk ranar 1 ga Janairu jama'a na cika Kagoro don bikin Afan, kuma Kagoro a Kaura take, kusa da Kafanchan. Akwai reshen KASU a Kafanchan, akwai kwalejin ilimi a Gidan Waya, ɗalibai daga ko'ina suna zaune suna karatu. Wasan da za a fara da rana a gama kafin magariba, da jami'an tsaro da sa hannun sarakuna da shugabannin addini, bai fi ƙarfin gari ba. In a wata shekara hali bai ba da dama ba, a ɗage zuwa wani gari, amma a ajiye wa shiyyar layinta.

Kuma wallahi akwai ribar da ta fi kofi. Nawa ne a cikinmu sai da suka shigo jami'a suka fara zama ɗaki ɗaya da wanda ba yarensu ko addininsu ɗaya ba? Yaron Ikara ya zo ya kwana a Kafanchan, ya ci abinci a gidan mutane, yaron Zonkwa ya je Zariya ya ga ƙofar Doka da idonsa. Wannan ya fi taron zaman lafiya goma da ake yi a otel.

Ga abin da nake ba ma'aikatar ilimi da ta wasanni shawara: a rubuta jadawalin zagaye na shekara uku, a fitar da sharuɗɗa a fili (shinge, motar asibiti, masauki, tsaro), a ɗauki nauyin motar makarantun da suka fito daga nesa, a kuma gama gasar da rani kafin jarrabawar WAEC ta matso.

'Yan Zazzau da 'yan cikin gari, ina jiran ku. In kuna da hujjar da ta fi wannan, ku kawo, amma ban da zagi don Allah.