Haƙoran da Aka Gada, da Sabon Asibitin Kafanchan

Akwai yaran da haƙoransu ke fitowa rawaya ko ruwan ƙasa tun farko, suna marmashewa, ruwan sanyi ma sai ya sa su kuka. A gida sai a ɗora laifin kan alewa ko sakacin uwa. Wani lokaci kuwa gado ne. Cutar da likitoci ke kira amelogenesis imperfecta tana hana farin ɓawon haƙori ƙwari tun yana tohowa cikin dasashi, kuma ko yaro ya yi famfara, sababbin haƙoran da ita suke fitowa. Bincike ya nuna tana kama mutum 1 cikin 700 a arewacin Suwidin, 1 cikin 14,000 a Amurka. Wasu nau'o'inta sun fi yawa inda ake auren zumunci.

Yaron da ke rufe baki da hannu in zai yi dariya a aji, ko ya kasa tauna gasasshiyar masara, yana buƙatar a rufe masa haƙoran da murfi, ba a cire su ba.

Hanyar zamani ta sauƙaƙa wannan. Tun 1985 aka fara sassaƙa gyaran haƙori da kwamfuta a Jami'ar Zurik. A yau ƙaramar kyamara ce ake zagayawa da ita cikin baki, cikin 'yan mintuna siffar haƙoran ta bayyana a allo, ba sai an cusa wa yaro ƙullin awo mai sa yunƙurin amai ba. Na'ura ta sassaƙa ko ta buga murfin daidai girmansa. Da yake muƙamuƙin yaro na girma, dole a riƙa sake aikin, hoton kuwa yana nan ajiye.

A nan ne Kafanchan ke da dama. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mayar da Asibitin Sir Patrick Yakowa Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Ya kamata masu tsara ta su saka sashen haƙoran yara tun yanzu, da kyamarar ɗaukar siffa ko da guda ɗaya ce. Injin sassaƙa yana da tsada, amma ba lallai a saye shi ba: ana iya tura hoton ta intanet zuwa Jos ko Zariya, murfin ya dawo a mota. Manomin citta daga Kachia ko Kwoi ba zai sayar da buhunansa don zirga-zirgar Zariya ba.

Ɗaliban Kwalejin Jinya ta Kafanchan ma a koya musu gane cutar, tunda su ne ke fara ganin bakin yaro a ƙauye.