Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Wannan mako za mu leƙa wata sana'a da samarin Maraɗi masu ilimi ke shiga: gyaran labarun da ake bugawa a intanet.

Idan wakili ya aiko rahoto daga Tsibiri ko fadamar Jiratawa, mai gyara ne zai tabbatar da gaskiyarsa, ya daidaita sunaye da alƙaluma, ya mai da Faransanci Hausa, ya zaɓi hoto, ya sa kanu. Ba dare ba Lahadi, domin intanet ba ta da ranar fitowa irin ta jarida.

Hatsarin ma yana wuyansa. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna daga dokar laifukan intanet ta 2019, amma a Yunin 2024 aka maido shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso. Kalma guda da ta kuɓuce wa mai gyara ta isa ta kai shi gaban alƙali.

Albashi fa? Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. A 2021 kuma an sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar aiki tsakanin ƴan jarida da masu gidajen watsa labarai. To amma wanda aka ɗauka da fatar baki, da me zai kafa hujja gaban sufetan aiki?

Saboda haka, ƙanena, kafin ka taɓa kwamfuta, nemi kwantaragi a rubuce: ayyukanka, awowinka, albashinka, da wanda zai tsaya maka ranar da sammaci ya iso.