A Nuna Wa Ɗalibai Cikin Kwamfuta, a Rage Hadda

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta a jami'o'i da kwalejojinmu.

Iyaye da yawa sai sun sayar da hatsi ko akuya kafin su biya wa yaro kuɗin wannan karatu. To, a cikinsa akwai darasin babbar manhaja, wato irin su Windows da Linux da Android. Ita ce sarkin kasuwar na'ura: ita ke yanka wa kowace ƙaramar manhaja rumfa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ce wannan ta jira waccan ta gama, ta hana wata taɓa kayan wata. Abin takaici, sai yaro ya haddace duk wannan a takarda, ya ci jarrabawa, bai taɓa leƙa cikinta ba. In ka yi magana a ce babu kayan aiki.

Wallahi wannan uzuri ya daɗe da faɗuwa. Akwai manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin wata kwamfutar. Ɗalibi zai gyara babbar manhaja da hannunsa ya gwada a ciki. In ya yi kuskure ta ƙame, ba abin da ya lalace, sai ya sake tayar da ita. Yana ma iya tsayar da ita cak, ya bi aikinta taki-taki. Tun 1992 jami'ar Berkeley ta Amurka ta fito da Nachos don irin wannan koyarwa. A 2006 jami'ar MIT ta yi xv6, wadda ake tayarwa a cikin QEMU, kuma dukansu kyauta ne. Da an sauke su sau ɗaya, tsohuwar laftof ma ta wadatar, ba sai da intanet ba.

Kada a raina abin koyo. Linus Torvalds yana ɗalibi a Finlan ya fara Linux a 1991, bayan ya goge da Minix, manhajar da wani malami ya rubuta wa ɗalibai. Yau Linux ɗin ce a ƙarƙashin Android ta wayoyinmu.

Na san kwaikwayo ba ya nuna wa yaro ƙura da zafi da ɗaukewar wuta, don haka a ƙarshen zango a ba shi na'urar gaske ya gwada. Ina roƙon shugabannin sassan kwamfuta su sa wannan aikin hannu cikin makin jarrabawa.

Naka,
Wani uba, daga Kano.